Matris ɗin x^a da maganar total pozitif: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi min

Duk hutu in yaran unguwarmu da ke karatun lissafi a Ngaundere da Marwa sun dawo Garwa, sai an kawo min wannan egzersis ɗin na nuna cewa matris mai x^a total pozitif ce, wani a kaye, wani a hoton waya da ko karantuwa ba ya yi, har wani ƙanen abokina da ke Injamena ya turo min shi da tsakar dare. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda. In na rubuta x^a ina nufin x da ekspoza a a kansa, x1, x2 kuwa lambar jeri ce kawai.

1. Wai mene ne ma total pozitif ɗin nan?

Ka ɗauki matris, ka zaɓi layukan kwance guda k da layukan tsaye, wato ginshiƙai, guda k, duk waɗanda ka ga dama, amma ka bar su yadda suke jere kar ka juya su. Inda suka gitta juna zai ba ka ƙaramar matris, determinan ɗinta shi ake kira minor. In DUK minor ɗin da za a iya cirewa, daga na lamba ɗaya tak har zuwa babban determinan, kowanne ya fi sifili, to ita ce matris mai total pozitif, a taƙaice TP.

Sai dai a kula da suna, don littattafai ba bakinsu ɗaya ba. Wasu, irin su masanin lissafi Karlin, in sun ce TP suna nufin minor ɗin bai gaza sifili ba, wato sifili ma an yarda, sai su ƙara kalmar "strict" ga tamu. Wasu kuma mai yarda da sifilin suke kira TN, wato total non-negatif. Ka duba abin da malaminku ya rubuta a kur ka bi shi. Ni a nan TP na nufin sama da sifili zalla.

2. Me ake so a nuna takamaimai?

An ba ka lambobi 0 < x1 < x2 < … < xn, da ekspoza a1 < a2 < … < an. Ka gina matris wadda a layi na i, ginshiƙi na j, aka zuba xi^aj. Ana so ka nuna TP ce. Ekspoza ɗin ba dole su zama cikakkun lambobi ba, rabi ya halatta, negatif ya halatta, √2 ma ya halatta, sharaɗin dai su riƙa hawa. Su kuwa x dole su fi sifili, dalilin yana tambaya ta 9.

Misalin da zan riƙa komawa kansa: x = 1, 2, 3 da a = 0, 1, 3. Layukan su ne (1, 1, 1), (1, 2, 8), (1, 3, 27). Determinan 30 − 19 + 1 = 12.

3. Malam, ba sai in lissafa minor ɗin ɗaya bayan ɗaya ba?

Allah ya ba da sa'a. Matris mai 3 da 3 minor 19 gare ta, mai 4 da 4 tana da 69, mai 5 da 5 tana da 251, in ka kai 10 da 10 kuwa 184755 ne, lissafin shi ne C(2n, n) − 1. Kuma ko ka gama, lambobi ɗaya ka gwada, ba hujja ka kawo ba.

Ga abin da ke sauƙaƙa aikin, kuma shi ya kamata ya zama jimlar farko a takardarka: in ka zaɓi wasu layuka da wasu ginshiƙai, ka zaɓi wasu daga cikin x ne da wasu daga cikin a, kuma har yanzu suna hawa. Kenan ƙaramar matris ɗin 'yar gidan uwar ce, kamanninsu ɗaya. To in ka nuna babban determinan ya fi sifili ga kowane n, kowane x, kowane a, ka gama da dukkan minor a bugu ɗaya.

4. A fara nuna min da 2 da 2 tukuna.

Determinan ɗin x1^a1·x2^a2 − x1^a2·x2^a1 ne. Fitar da x1^a1·x2^a1 waje, abin da ya rage x2^d − x1^d, inda d = a2 − a1 ya fi sifili. Tunda x2 ya fi x1 kuma d pozitif ne, ragowar pozitif ce. Shi ke nan. Amma kar ka ce za ka bi wannan hanyar a 3 da 3, guda shida za su fito maka, uku da plus uku da minus, ka rasa wa zai biya bashin wa.

5. Ina Vandermonde ya shigo?

In ekspoza su ne 0, 1, 2, har n − 1, ita ce matris ɗin da ake jingina wa Vandermonde, Bafaranshen nan da ya rayu daga 1735 zuwa 1796, kuma determinan ɗinta sananne ne tun shekarar farko a jami'a: ka ninka dukkan (xj − xi) inda j ya fi i. Ga 1, 2, 3 zai ba ka (2−1)(3−1)(3−2) = 2. Tunda x na hawa, kowane baka pozitif ne.

Tarkon da yara ke faɗawa: sai su rubuta wannan formil su ce ai Vandermonde TP ce, su ja layi biyu a ƙasa. A'a ƙanena. Formil ɗin babban determinan kaɗai ya ba ka. In ka tsallake ginshiƙi, misali ka ɗauki ekspoza 0, 1, 3 daga cikin 0, 1, 2, 3, ba Vandermonde ta asali ba ce kuma, formil ɗin bai hau kanta ba. Don haka ko da Vandermonde kaɗai aka tambaye ka, ba makawa sai ka bi ta tambaya ta 6 da ta 7, ko ta 10.

6. To yaya ake nuna determinan ɗin ba sifili ba ne?

Nan ne zuciyar maganar, kuma abin daɗin shi ne ba determinan za ka lissafa ba, rasin za ka ƙirga, wato wuraren da fonksiyon ke zama sifili. A ce determinan sifili ne. Kenan akwai c1, …, cn, ba duka sifili ba, da za su sa c1·xi^a1 + … + cn·xi^an = 0 a kowane layi i. Ma'ana fonksiyon f(x) = c1·x^a1 + … + cn·x^an ta taɓa sifili a wurare n daban daban, duk a gefen pozitif. Abin da za mu nuna, ƙaramin teyoram da za mu kira lema, shi ne ba ta isa ba: fonksiyon mai guda n irin wannan, in ba duka c ne sifili ba, rasin ɗinta pozitif ba sa wuce n − 1.

Rekirans ake yi a kan n, wato a ɗauka gaskiya ce ga n − 1 a nuna ta ga n. In n = 1, c1·x^a1 ba ta taɓa sifili, rasin babu. In n ya fi haka, ka raba f da x^a1, wanda bai canza wurin rasin ko ɗaya ba tunda x^a1 ba sifili ba ne, sai ka sami g(x) = c1 + c2·x^(a2−a1) + … , ka ga guda na farko ya zama lamba tsayayya. Yanzu ka yi derive, c1 ya ɓace, saura guda n − 1, masu ekspoza aj − a1 − 1 da har yanzu suna hawa. In g na da rasin n, teyoram ɗin Rolle ya ce tsakanin kowane biyu da ke maƙwabtaka akwai rasin ɗin derive, kenan derive na da n − 1, alhali rekirans ta ce mai guda n − 1 ba ta wuce n − 2. Dole dukkan cj·(aj − a1) su zama sifili, kuma aj − a1 ba sifili ba ne, to c2 har cn sifili ne, sai c1 ma ya bi su. Mun ci karo da abin da muka ɗauka tun farko.

Wurare biyu da ake zamewa. Na ɗaya, wasu na yin derive ba su raba ba, sai ba guda ko ɗaya da ya ɓace, rekirans ta tsaya cak. Na biyu, wasu na tsorata in sun ga aj − a1 − 1 ya koma negatif, alhali ba komai, muna gefen x > 0 ne, shi ya sa ma tun farko aka faɗi lemar ga kowane irin ekspoza. Wanda ya san ƙa'idar alamomi ta Descartes ta 1637 zai gane 'yar uwarta ce: rasin pozitif ba sa wuce yawan sauyin alama a jerin c, jeri mai guda n kuwa sauyinsa ba ya wuce n − 1. Rolle ɗin shi kuma 1691 ne.

7. Na nuna ba sifili ba ne. Ai na gama ko?

Ba ka gama ba, rabi ka yi, kuma wallahi nan ne aka fi zubar da maki. Ni kaina a lisans na rubuta hujjar Rolle tsaf shafi guda da rabi, na kammala da cewa determinan ba sifili ba ne don haka pozitif ne, malamin ya zagaye "don haka" ɗin da jan bik ya ba ni rabin makin, na bi shi har bakin mota ina ƙorafi, ya ce min −5 ma ai ba sifili ba ne. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa, amma gaskiyarsa ce.

Ga yadda ake rufe ramin. Ka bar x yadda suke, ka tuƙa ekspoza a hankali daga naka zuwa na Vandermonde: aj(t) = (1 − t)·aj + t·(j − 1), t na tafiya daga 0 zuwa 1. A kowane t ekspoza ɗin suna hawa, don matsakaicin jeri biyu masu hawa shi ma mai hawa ne (ka rubuta wannan layin, kar ka ce a fili yake). Determinan D(t) kontini ne, ba ya tsalle, kuma tambaya ta 6 ta ce ba ya taɓa sifili a ko'ina a kan hanyar. Abin da ba ya tsalle kuma ba ya taka sifili ba shi da yadda zai ƙetare daga negatif zuwa pozitif, kamar mai son haye Binuwai ne ba gada ba kwalekwale kuma an hana shi jiƙa ƙafa. A t = 1 Vandermonde ce, pozitif, tambaya ta 5. To a t = 0 ma pozitif ne.

A ganina wannan ce hanyar da ta fi kyau, gajera ce kuma tana nuna dalilin da ya sa sai an jera lambobin. In da za ka musanya x biyu, hanyar da za ta kai ka can sai ta bi ta inda suka yi daidai, nan determinan ya zama sifili, alama ta juye.

8. Malaminmu bai yi maganar tuƙa ekspoza ba, rekirans ya sake yi. Wanne ne daidai?

Duka biyun. Tasa ita ce: ka mai da xn ya zama x mai yawo, ka buɗe determinan ta layin ƙarshe, zai ba ka F(x) = c1·x^a1 + … + cn·x^an, inda cn shi ne minor ɗin kusurwar sama ta hagu mai n − 1, wanda rekirans ta ce pozitif ne. F na zama sifili a x1 har x(n−1), don layi biyu sun zama ɗaya. Ka ga rasin n − 1 sun cika, lemar tambaya ta 6 ta hana ƙari, kenan bayan x(n−1) alamar F ba ta sake canzawa. In x ya yi nisa sosai guda mai ekspoza mafi girma ne ke rinjaye, shi kuwa cn ɗinsa pozitif ne. To F pozitif ce tun daga bayan x(n−1), har da xn. Amfanin wannan, ba ta bukatar formil ɗin Vandermonde sam.

9. In wani x negatif ne fa, ko sifili, ko bai kai 1 ba?

Negatif: magana ta rushe. Ɗauki x = −2, 1 da a = 0, 2, layuka (1, 4) da (1, 1), determinan −3. Da x = −1, 1 kuwa sifili za ka samu. Balle ekspoza rabi a kan negatif ma ba shi da ma'ana a nan. Sifili: in x1 = 0, sifilai za su shiga layin farko, ka faɗo daga TP zuwa TN ta tambaya ta 1, shi ma sai in ekspoza ba negatif ba ne.

Ƙasa da 1 kuwa lafiya lau, ko da yake yara na shakka don sun ga lambobin na ƙanƙancewa. Gwada x = 1/4, 1/2 da a = 1, 2: (1/4)(1/4) − (1/16)(1/2) = 1/16 − 1/32 = 1/32. Hanyar da ta fi wanke zuciya ita ce ka rubuta x^a = e^(a·s), inda s = ln x. Su s kowace lamba ce, negatif ko pozitif, hawa kawai ake so, kuma sai ka ga s da a matsayinsu ɗaya, ba babba ba ƙarami.

10. Na ji ana cewa akwai hanyar Schur, wai har ta fi faɗin gaskiya.

In ekspoza cikakkun lambobi ne daga sifili zuwa sama, determinan ɗinmu yana rabuwa da na Vandermonde ba saura, abin da ya fito shi ne polinom ɗin Schur. Koma misalin tambaya ta 2: 12 ne, Vandermonde 2, rabo 6, wato 1 + 2 + 3, x1 + x2 + x3. Canza ekspoza zuwa 0, 2, 3, determinan 36 − 19 + 5 = 22, rabo 11, wato 1·2 + 1·3 + 2·3. Ba dace ba ne, kullum polinom ɗin Schur tarin gudaje ne masu plus zalla, ba minus ko ɗaya, don ƙirga hanyoyin cika wani allo da lambobi yake yi. Pozitif sau pozitif, an gama. Rabon nan tun Cauchy a 1815 aka san shi, sunan Schur daga baya ya manne masa saboda aikinsa na 1901.

Ta fi faɗin gaskiya ta fuskar cewa tana ba ka adadin, ba alama kaɗai ba. Amma a kontrol ina ba da shawarar Rolle, sai in an riga an yi muku Schur a kur, don nuna cewa ba minus a ciki shi kansa aiki ne. Ekspoza masu rabi ko sulusi ana iya mai da su cikakku ta sauya x da y^N, amma irin su √2 sai ka bi ta limit, limit kuma "bai gaza sifili ba" kaɗai take bayarwa, ka sake komawa tambaya ta 6.

11. TP da definit pozitif ba abu ɗaya ba ne?

A'a 'yar'uwa. Definit pozitif minor ɗin da ke kan diyagonal kaɗai take kallo. Ɗauki matris mai 2 a diyagonal da 1 a sauran wurare, 3 da 3: definit pozitif ce, determinan 4, duk lambobinta pozitif, amma layi na 1 da na 2 da ginshiƙi na 2 da na 3 suna ba da 1·1 − 1·2 = −1. In TP ce kuma simetrik, to definit pozitif ce, juyin ne ba kullum yake zama gaskiya ba.

12. In matris ba irin ta x^a ba ce, dole in duba minor duka?

Ba dole ba. Fekete ya nuna tun 1912 cewa ya isa ka duba minor masu layuka a jere da ginshiƙai a jere, ba tsallake. Gasca da Peña a 1992 suka rage kayan: cikin waɗannan ma, waɗanda suka jingina da layin farko ko ginshiƙin farko kaɗai, guda n² cif. Ga 10 da 10, ɗari maimakon 184755 na tambaya ta 3. Hattara dai, wannan na TP ne zalla, in an yarda da sifili gwajin ba ya aiki haka.

13. Duk wahalar nan, me ake yi da ita?

Gantmacher da Krein a shekarun 1930 daga girgizar abubuwa suka iso nan, irin igiya da aka ɗaura wa duwatsu a jere. Sun nuna matris TP valer propur ɗinta duka na gaske ne, pozitif, kuma ba biyu da suka yi daidai, ko da ba simetrik ba ce, sannan vekter propur na k, in an jera valer propur daga babba zuwa ƙarami, yana sauya alama sau k − 1 daidai. Hujjar na bi ta teyoram ɗin Perron na 1907, ana ɗora shi a kan matris ɗin da aka gina da minor. Schoenberg kuma a 1930 ya duba ta wani gefen: in ka ninka vekter da irin wannan matris, yawan sauyin alamarsa ba ya ƙaruwa, abin da masu zana lanƙwasa a kwamfuta ke dogara da shi don kar layi ya yi ta karkarwa fiye da ɗigon da aka ba shi.

Kuma ita x^a uwa ce, tana haifar wasu. Formil ɗin Cauchy da Binet ya ce minor ɗin A·B tarin minor ɗin A sau minor ɗin B ne, don haka TP sau TP TP ce. Matris ɗin Hilbert, 1/(i + j − 1), entegral ne na t^(i−1)·t^(j−1) daga 0 zuwa 1, sai kowane minor ɗinta ya zama entegral na determinan biyu irin namu, pozitif duka, ko da 1/2160 ne kamar na 3 da 3. Ta Gauss ma, e^(−(s−t)²), ka buɗe bakan, e^(2st) ne aka ninka da lambobi pozitif a layuka da ginshiƙai, ka koma tambaya ta 9.

14. Na gwada a kwamfuta da n babba, determinan ya fito min negatif. Teyoram ɗin ƙarya ne?

Injin ne ya gaji, ba teyoram ba. Lambobi masu wakafi kusan dijit 16 kaɗai yake riƙewa, determinan kuwa manyan lambobi ne ake ta cirewa daga juna, in x ɗinka sun matsu kusa kusa amsar gaskiya 'yar mitsitsiya ce, sai kuskuren zagayawa ya haɗiye ta har da alamarta. Kafin ka zargi injin ma ka duba ko ka jera x da a daga ƙarami zuwa babba, rabin waɗanda suka kawo min wannan ƙarar a nan matsalar take.

In jerin daidai ne, bar lambobi masu wakafi, yi da Fraction ko SymPy a Python, su ba sa zagaye komai. In kana son gwada ekspoza rabi ba tare da wakafi ba, zaɓi x da ke da rasin kare cikakke: x = 1, 4, 9 da a = 0, 1/2, 1 zai ba ka layuka (1, 1, 1), (1, 2, 4), (1, 3, 9), determinan 2, wannan ko wuta ta ɗauke ka yi shi a bayan kaye da tocilan waya.